Wuƙar Baba Lawwali

Kakana Lawwali mai fiɗa ne a kasuwar Goronyo. Shekara arba'in yana feɗe jajayen awaki, kuma duk mahaucin da ke mayanka a lokacin, in ba shi ya koya masa ba, to ubansa ya koya wa. Mutum ne mai tsiya da baki. In ka riƙe wuƙa ba daidai ba, sai ya tambaye ka ko tuwo za ka tuƙa.

Ana cikin zamanin Turawa En'e ta aiko da malamin fata, wani saurayi mai suna Mu'azu. Ya ce masu sayen fata suna kuka da huji, don haka an hana fiɗa da wuƙa mai tsini. Ya kawo wata mai zagayayyen kai, ya ce zai koyar kasuwa uku, a ta huɗu ya gwada kowa. Wanda ya ci a ba shi lambar tagulla, wanda bai ci ba ya bar mayanka.

Samari suka yi ca a kansa, suna ɓata fata suna dariya. Kakana ya koma gindin tsamiya ya ce gwiwa ke damunsa. Ƙarya yake, Allah ya gafarta masa. Tsoro yake ji kada hannunsa ya kuskure a gaban yaran da ya saba yi wa tsawa. Yadda mu kanmu muke ɗaga tsoho, ina zai sa kansa ya ce wa sa'an ɗansa "nuna mini"?

Sai ya tafi Taloka a ƙafa, ya sa maƙeri ya ƙera masa irin wuƙar Mu'azu. Duk akuyar suna da aka yanka a unguwa ya karɓa ya feɗe a bayan gida, ba mai kallo sai kakata Kulu. Biyun farko ya ɓata. Ta uku ta fita sumul, ya ɗaure fatar a katako cikin zaure ta sha iska, kamar yadda ya hango ana yi.

Ranar gwaji ya je. Wani ya ce, "Ku ba Baba wuri!" Aka yi da'ira, kowa na son ya ga gwani. Wannan girmamawar ce ta kashe shi. Ya dubi akuyar, ya dubi idanun mutane. Ya ce, "Idanuna ba su gani yanzu. Ku yi abinku." Ya juya gida.

Bayan kwana biyu Mu'azu ya zo gaishe shi. Ya ga fatar a zaure, ya ɗaga ta a rana, ya shafa, bai ga ko ƙwarzane ba.

"Baba, wa yah hiɗe wagga hwata? Ko Sakkwato ban ga irinta ba."

Kulu tana bayan zana tana ji. Kalma ɗaya kakana zai faɗa a ba shi lambar.

Ya ce, "Wani yaro daga Taloka yah hiɗe ta."

Shekara bakwai ya ƙara a duniya, bai sake taka mayanka ba. Har yau in na tuna sai in ji haushinsa, sannan in yi kuka.