Yabon da Na Riƙe a Banɗakin Inna

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, da layi ɗaya yake auna hannun ɗalibi. Zai ce ka rubuta Bisimilla, sai ya zuba ido a kan dogon jan nan da ke tsakanin sin da mim. In ka ja shi da numfashi ɗaya, bai yi rawa ba, bai yi kauri nan ya sirance can ba, sai ya gyaɗa kai. Ni tun ina ƙarami ya gyaɗa mini. Autanmu kuwa, wanda na girme shi da shekara tara, bai taɓa samu ba. Ranar da Baba ya gaji da shi, a gaban kowa a zaure ya ce, "Wannan hannun na fartanya ne." Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Fartanyar ma Auta bai riƙe ta ba. Ya bar mana gonar shinkafa ya tafi Kano, ya koyi aikin saka tayil, har ya zama ana nemansa a manyan gidaje.

Bayan rasuwar Baba gwiwoyin Inna suka ƙi. Zuwa shaddar da ke ƙuryar gida ya zame mata wahala, tsugunon ya fi tafiyar ciwo. Muka yi shawarar gina mata banɗaki a jikin ɗakinta, mai masai na zama da famfon alwala. Auta ya ce ba wanda zai taɓa aikin sai shi. Ya ajiye abin da yake yi a birni ya zo.

Ya gama saka tayil, sai ya zauna kwana uku bai yi komai ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Yaya Malam, ƙasarku ta nan ba ta bushewa. Tun da aka kawo kanal na ban ruwa bangonku yake gumi. Silikon kuwa ba ya kama wuri mai danshi." Silikon shi ne farin abin nan mai kamar danƙo da ake toshe haɗin bango da daɓe da shi, don kada ruwa ya bi ta nan.

Rana ta huɗu da hantsi ya kira ni. "Yaya Malam, zo ka ga wani abu."

Na shiga da ƙafar hagu, kamar yadda na saba shiga irin wannan wuri. Ya riga ya manna salatif sama da ƙasan haɗin, ya bar siririyar hanya a tsakiya. Ya ɗauki reza ya yanke bakin robar silikon ɗin a karkace, yadda muke fiƙe alƙalami. Ya sa ta a abin matsawa, ya durƙusa, ya ja tun daga kusurwa har kusurwa bai ɗaga hannu ba. Wani tsami ya hau mini hanci. Ya tsoma yatsa a ruwan sabulu ya bi layin sau ɗaya, sannan ya zare salatif ɗin tun abin yana ɗanye.

Layi ya fito fari tas, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe.

Ya ɗago yana murmushi. "Ka lura daga dama na fara? Ban manta karatu ba." Sai ya rage murya. "Kana ganin Baba zai karɓi wannan?"

Abin da ya zo bakina shi ne Masha Allah. Sai na tuna inda nake tsaye, ba a ambaton sunan Allah a banɗaki. Na haɗiye. Na ce, "Mu fita."

Muna fitowa na ji ana kwaɗa sallama. Maƙwabcina ne na gona a kan babur, ya ce an saki ruwa a layin gonakinmu, kuma kunya ta ɓalle, ruwa yana shiga irin shinkafar da na yafa. Na hau bayansa muka tafi. Ban dawo ba sai dab da magariba, da taɓo har gwiwa. Auta ya riga ya shiga motar Kano.

Inna ta ce, "Ya jira ka har bayan la'asar. Me ka ce masa ne? Ya wanke hannu ya zauna, ko fura bai sha ba."

Na ce ban ce masa komai ba. Ta dube ni ta ce, "To, shi ne."

Na daɗe ina gaya wa kaina ladabi ne ya rufe mini baki. Amma banɗakin nan sabo ne a ranar, ba wanda ya taɓa amfani da shi. Ko da an yi, "ya yi kyau" babu sunan Allah a ciki, gyaɗa kai ma bai karya wata doka ba. Gaskiyar ita ce gyaɗa kan Baba ni kaɗai na gada, kuma ban so in raba shi da kowa ba.

Auta bai yanke zumunci ba. Yana zuwa da sallah, yana durƙusawa ya gaishe ni. Sai dai bai ƙara cewa in zo in ga wani abu ba.

Inna ta yi shekarunta tana alwala a zaune, tana sa masa albarka, har Allah Ya karɓi abinSa. Bara uwargidana, wadda ta koma ɗakin, ta ce kusurwar banɗakin ta yi baƙi, ruwa yana ratsawa. Na sayo silikon a garin Kura, na ce ai abin da na gani da idona ne. Na sa reza na kankare na Auta, ya taso gaba ɗaya kamar igiya. Na bar wurin ya bushe, na manna salatif, na ja.

Layin ya yi rawa tun kafin tsakiya. Nan ya taru, can ya yanke. Na koma in gyara, kamar yadda nake komawa kan harafi a allo, kowace komawa sai ta ƙara ɓata shi. Allo ana wanke shi, wannan kuwa sai ya bi yatsa ya shafe tayil.

Na fito tsakar gida na kira shi a waya. Bayan gaisuwa na ce, "Auta, layin nan da ka ja a banɗakin Inna. Masha Allah. Baba zai karɓa."

Ina jin ƙarar injin yanka tayil a bayansa.

"Yaya Malam, ai wannan ya daɗe. Yana nan kuwa?"

"Na kankare shi. Na ja nawa, ya lalace."

Ya ɗan yi dariya. "Ka koma kansa ko?"

"Sau huɗu."

"Ba a komawa. Ka bar shi ya bushe, ka cire, ka sake." Wani ya kira shi daga can, ya ce yana zuwa. "Ka gaida mutanen gida."

Ban sake ba. Layina yana nan da ƙulle-ƙullensa, ruwa dai ba ya ratsawa. Na Auta kuwa na naɗe shi, yana cikin gafakar Baba.