Mai Ɗaura Waya a Kasuwar Rabah

Inno mai fura tana kallon wani baƙo da ya tsuguna nesa da falwayar tangarahon Turawa. Kakinsa ya koɗe, igiyar hawa na kafaɗarsa, hannunsa na dama ya ƙanƙance kamar itacen da ya sha wuta. Da hagu yake karɓar ƙwarya.

"Mi ya sami hannun, ɗana?"

"Muna ɗaura tsinkakkiyar waya, Inna, ni da ƙanena. Aradu ta faɗi can Wurno, wutarta ta biyo waya, ta rasa hanya, ta komo kanmu. Shi ka riƙe da bakin wayar, nan take ya cika."

Inno tana tunanin uwar da ya kai wa labarin. Hadari na haɗuwa gabas. Ya bar rabin furar, ya gyara igiyarsa, ya bi layin wayar.