Babin Da Na Wanke

Shin mijina Malam Isa ya yafe min abin da na ba shi ya sha? Har yau ban samu amsa ba.

Shekara ashirin ina shara a wata sakandare a Rano. Ƙa'idarmu a gama da ajujuwa kafin a kaɗa ƙararrawa, baranda kuwa sai an shiga darasi. Ban taɓa mantawa da ranar da nake share barandar aji shida ba, na ji Malama Binta, mai koyar da adabi, tana nazarin littafin mijina.

Malam Isa ya sha ɗauri yana saurayi, saboda ya tsaya wa talakawan ƙauyen Fammar da aka so ƙwace musu gonaki. Da ya tsufa ya rubuta tarihin rayuwarsa da ajami. Bayan rasuwarsa aka mayar da shi boko aka buga.

"Ku duba," in ji Malama, "daga ranar kamu sai ranar saki. Bai ce uffan kan kurkuku ba. Wannan shirun gwaninta ce."

Tsintsiya ta suɓuce min.

Ai ya rubuta babin kurkukun. Lokacin da ciwo ya kwantar da shi, na tsinci takardu bakwai ƙarƙashin buzunsa, baƙaƙe irin na allo. Ni ban yi karatu ba, na ɗauka addu'a ce. Na wanke su a ƙwarya na kai masa. Ya dubi ruwan, ya dubi jiƙaƙƙun takardun, ya kurɓa sau ɗaya ya miƙo min. Na shanye sauran.

Da aka tashi Malama ta same ni ina kuka. "Baba Hajara, lafiya? Ko marigayi ya taɓa ba ki labarin wurin?"

"Bai taɓa ba." Sai na ji bakina na cewa, "Taga ɗaya ce, tana duban gabas. Su tara ne. Ɗaya ya rasu yana jingine da kafaɗar Malam."

Babu mahaluƙin da ya gaya min haka. Malama ta je Kibiya wurin wani tsoho da aka ɗaure su tare. Ta dawo ta ce haka ne, har tagar. Daga nan ta daina koyar da zancen shirun.

Ku da kuka gaji tsintsiyata, kada ku taɓa takarda sai kun tambaya. Malamai sukan gina darasi har a kan ɓarnar mai shara.

Ranar da na kai masa ƙwaryar ya rasu, kafin la'asar. Abin da ya ce min ke nan yana miƙo ta: "Shanye, Hajara. Na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai."