Ranar da Aka Zo Shagona Neman Masu Sanyi

Shekarun baya, lokacin da sana'ar fenti da tayil ta fara karɓa ta a Garwa, na samu fili a bakin titi, na ce zan gina shagon kaina. Na kira dattijon maginin da ya gina wa mahaifina gida. Ya tsuguna ya zana mini da tsinke a ƙasa: ƙofa babba a tsakiya, taga biyu dama, biyu hagu, duk tsayi ɗaya, rumfa a gaba saboda rana, bango kuma launi ɗaya.

Na ce, "Baba, launi ɗaya? Ni mai sayar da fenti? Ai bangon nan shi ne tallata."

Ya ce, "Alhaji, mai wucewa kallo ɗaya zai yi wa gini. Ka bar idonsa ya sauka kan ƙofa. In ka cika masa launuka, shi zai yanke wa kansa abin da ake sayarwa a ciki."

Na ce masa shi ya san siminti, ni na san kasuwa. Na sa aka tura ƙofar gefe don bango ya samu faɗi. Aka shafa ja, kore, shuɗi da ruwan ɗorawa, aka jera tayil kala bakwai daga ƙasa. Wani abokina ya ƙara mini ƙananan ƙwayayen lantarki masu launi a bakin rumfa. Na tsaya tsallaken titi ina kallo, ina jin babu kamata.

Sati guda ciniki shiru. Ran nan bayan la'asar sai ga direbobi biyu, masu jigila zuwa Kuseri. Suka zauna kan bencin rumfa, ɗaya ya ɗaga yatsu ya ce, "Maigida, biyu masu sanyi."

Na ce a raina baƙi ne, ƙishi ya kamo su. Na shiga na kawo musu ruwan randa a kofi biyu. Ya kalli ruwan, ya kalle ni, ya ce, "Giya fa. Ko ba ku fara ba tukuna?"

Sai a lokacin na dubi ginina da idon wani. Duk mashayar da ke bakin hanyar nan haka take ado.

Kafin in gama jin kunyar wannan, mahaifiyata ta aiko kirana. A gidan suna aka tsegunta mata. Ko amsa gaisuwata ba ta yi ba ta ce, "An ce ka buɗe mashaya."

"Hajiya, wallahi fenti nake sayarwa."

"To fentin ne ya yi maka ƙazafi? Kakanka da tallan goro ya shigo garin nan, abin da ya bar mana sunansa ne. Ba za a ɓata shi da ruwan ɗorawa ba."

Washegari na koma wurin Baba magini. Bai ce mini ai na faɗa maka ba. Tsinkensa kawai ya ɗauka, ya sake zana abin da ya zana da farko. Muka fasa bango, ƙofa ta dawo tsakiya, muka cire ƙwayayen, muka shafe komai da ruwan ƙasa. Kore guda ya yarda da shi, a kewayen ƙofa kaɗai. Da Hajiya ta zo gani, ta tsaya daga nesa ta ce, "Yanzu ya yi kama da wurin mutanen kirki." Ciniki ma daga nan ya buɗe.

Abin da na koya shi ne gini yana magana kafin mai shi ya buɗe baki. Har yau in wani ya zo zai sayi kala biyar don gaban shagonsa, nakan ba shi labarin nan, ko da zai rage mini ciniki. Wanda ya ƙi ji, na auna masa fentinsa, na ce, "Allah ya sa albarka. Amma in an zo neman masu sanyi, kada ka wahalar da kanka kawo ruwa."