Kilo Tamanin da Tara

Ko da zan manta ranar da na yi ritaya, ko ranar da aka fara kira na kaka, ba na jin zan manta wata Talata da na hau sikeli a wani ofishin inshorar lafiya a Kaduna, takalmana a hannu, ina huci, ina shirin kunyata wani matashin jami'i. Shekaru sun ja yanzu, amma har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji fuskata ta ɗauki zafi.

A lokacin ni ce shugabar wata makarantar firamare a nan Birnin Gwari. Na fi shekara ashirin da alli a hannu, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina da baki. Rabin ma'aikatan garin nan ta hannuna suka bi. In na shiga asibiti ko sakatariya sai ka ga magidanta da gemunsu suna gyara tsayuwa kamar an buga ƙararrawar asambuli, ni kuwa abin yana yi mini daɗi ƙwarai. Jiki kuma Allah ya ba ni, ni ma na ƙara da nawa. Tuwon masara da man shanun da matan Fulani ke kawo mana daga rugagen wajen dajin Kamuku ba ya wuce ni, shayina kuwa sai cokali ya kusa tsayuwa a ciki. A wajenmu in mace ta cika ido cewa ake hutu ya karɓe ta, don haka ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ciwo ba.

Ciwon suga ne ya fara zuwa, hawan jini ya biyo shi, gwiwoyi suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Na daina zuwa Randagi gaida dangin mahaifiyata, don babu mai babur ɗin da zai yarda ya ɗauke ni a wannan hanyar, ko da yake duk cewa suke yi tayarsu ce ba iska. Daga baya wani ɗan ciwo ya fito mini a babban yatsan ƙafar hagu, ya ƙi warkewa wata da watanni. Wannan ne ya tayar wa babban ɗana hankali. Yana aiki a wani kamfani a Kaduna, kuma ya daɗe da sa ni a inshorar lafiya, wadda a asibitin garinmu nake amfani da ita duk wata in karɓi magani. Shi ya matsa har aka tura ni wajen wani likitan tiyata a can.

Likitan mutum ne mai sanyin magana. Nas ɗinsa ta auna ni tun a ƙofa ta rubuta a fayil, ni kuwa a lokacin ina can ina yi wa masu layi faɗa kan rashin tsari, ban ko tambayi abin da ta rubuta ba. Ya duba ƙafar ya daɗe, sannan ya ce muddin ƙibar nan tana nan suga ba zai kwanta ba, kuma in suga bai kwanta ba ƙafar tana cikin haɗari. Ya jawo takarda ya zana mini tumbin mutum, ya ce aiki iri biyu yake yi. A na farko ana yanke mafi yawan tumbin a cire, a bar shi siriri kamar ayaba. A na biyu ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbin a haɗa shi da hanji kai tsaye, abinci ya riƙa tsallake wani sashe. Ya ce na biyun ya fi taimaka wa mai suga da mai ƙwannafi irina, sai dai zan rayu ina shan ƙwayoyin ƙarin sinadarai ina zuwa ana duba ni har ƙarshen rayuwa, kuma shi na biyun yake ba ni shawara.

Na ce masa Allah ya kiyaye a juya mini hanji kamar ana gyaran famfo, ƙibar tawa ba ta kai can ba, a yi mini na ayabar kawai. Ya buɗe baki ya ce, "Hajiya, in aka dubi nauyinki..." Na katse shi na ce na san nauyina tun kafin ya gama makaranta. Ya yi murmushi ya ce in je in yi tunani. Da na bar shi ya ƙarasa wannan maganar, da na rage wa kaina rabin abin da ya biyo baya.

Sai maganar inshora. Ɗana ya yi mini bayanin cewa kamfanin ba ya biyan irin wannan tiyata haka kawai, don a lissafinsu kwalliya ce. Sai in likita ya rubuta cewa lafiyar mutum ta rataya a kanta, a kuma kawo tarihin nauyinsa daga asibitin da yake zuwa. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na aika aka yi mini hoton katina na shekara tara, muka haɗa da wasiƙar likita a rufe cikin ambulan muka miƙa. Bayan mako uku suka ce in zo da kaina.

Mun bi ayarin motoci tun da safe, kowa yana addu'a a ransa saboda tsoron 'yan fashi har muka fita daga dajin, na isa ofishin a gajiye, ƙafa tana zugi, na tarar da ɗana yana jirana a can. Jami'in, wanda bai fi sa'an ɗana ba, ya shimfiɗa takardu biyu a gabana cikin ladabi. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, takardun nan biyu kamar ba na mutum ɗaya ba ne. Katin asibitinku ya ce kilo tamanin da tara. Wasiƙar likita ta ce ɗari da ashirin da huɗu. Kwana goma ne tsakaninsu." Ya ƙara da cewa kamfani yana zargin an ƙara adadin ne don a samu amincewa, kuma in tamanin da tara ce gaskiya, ban cancanci aikin ba sam.

Kun san wanda na fara zagi a raina? Likitan. Na ce lallai mutumin nan da sanyin muryarsa ashe ɗan damfara ne, ya lafta mini kilo talatin da biyar don ya yi mini babban aiki. Na buga tebur na ce shekara tara ana auna ni duk wata, yaran da na koyar da hannuna ne suke aunawa, ba za su yi mini ƙarya ba. Na ce a kawo sikeli yanzu-yanzu a gaban kowa.

Suna da shi a ɗakin da ke kusa. Irin na zamani ne, mai allo a kan sanda daidai fuskar mutum. Na asibitin garinmu tsoho ne mai allura a tsakanin ƙafafu, kuma sai a ranar na lura cewa na yi shekaru ban ga wannan allurar da idona ba, domin cikina ya tare ta. Nas ce take durƙusawa ta karanta. Na cire takalma na hau ina kallon jami'in ido cikin ido. Lambobi suka yi rawa suka tsaya a ɗari da ashirin da huɗu da ɗigo shida.

Na sauka. Na ajiye jaka da takalman, na cire mayafi, na sake hawa. Ɗigo shidan ne kawai ya koma ɗigo ɗaya. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na tsaya baki buɗe a kan ƙarfen nan har sai da ɗana ya kama hannuna ya sauko da ni. Na dube shi na ce ko ya sani. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, ban san adadin ba. Amma babu wanda ya yarda da tamanin da tara sai ke."

A ranar na dawo gida. Washegari da sassafe na tafi asibitinmu. Nas ɗin da ke auna ni ɗalibata ce tun tana aji uku, ta girma har ta zama uwar 'ya'ya huɗu, mijinta ya rasu. Na ja ta ɗakin allura na rufe ƙofa, na tambaye ta abin da na yi mata da za ta yi shekara tara tana rubuta mini ƙarya. Ta ce, "Malama, ke kika ba mu adadin."

Ta tuna mini wata rana da wata sabuwar nas, baƙuwa a garin, ta auna ni ta ɗaga murya ta ce casa'in da shida a gaban masu jiran layi. Wai na tayar da asibitin a tsaye, na ce sikelinsu ya lalace, yarinyar ba ta da tarbiyya, ni na san nauyina tamanin da tara ne. Na je har ofishin shugabansu. Aka sa yarinyar ta durƙusa ta ba ni haƙuri, bayan wata biyu ta nemi canjin wurin aiki ta bar garin. Tun daga ranar duk wanda ya auna ni ya san abin da zai rubuta. Ta ce don kada abin ya yi yawa, sukan rage mini kilo ɗaya bayan azumi, su ƙara ɗaya bayan babbar salla.

Wallahi na manta da wannan ranar. A wajena faɗa ne cikin ɗaruruwan faɗan da na yi na wuce. Abin da ya fi girgiza ni ke nan, har fiye da sikelin Kaduna.

Sai ta buɗe jakarta ta ciro wani tsohon littafin rubutu na 'yan makaranta, ta buɗe bayansa. A saman shafin an rubuta "Malama", a ƙasa kwanan wata da lamba, kwanan wata da lamba, da fensir, shafi huɗu. Casa'in da shida, casa'in da tara, ɗari da uku, suna ta hawa har zuwa watan da ya wuce. A gefen wasu layukan ta rubuta da ƙananan baƙaƙe, "Yau na so in faɗa mata." Na ƙirga wannan rubutun sau bakwai. Na tambaye ta dalilin ajiye shi. Ta ce, "Don ranar da za ki tambaya. Ba ki taɓa tambaya ba." Na zauna a kan gadon allura na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifiyata.

Ɗana ya buga wa jami'in waya, ya ce hanya biyu ce. Ko asibiti ya rubuta a hukumance cewa katin ƙarya ne, da sunan wanda ya rubuta, a haɗa da littafin, a amince cikin makonni. Ko kuma a buɗe sabon tarihi, a auna ni tsakani da Allah wata shida a jere. Likita kuma ya faɗa mana ƙarara cewa ba shi da tabbacin yatsan zai jira wata shida. Ita nas ɗin da kanta ta miƙo mini littafin ta ce in kai, ko me zai same ta ta yarda. Ɗana ma ya ce in kai, har muka yi kwana biyu ba ma magana.

Na san abin da kai littafin yake nufi. Mace mai marayu huɗu za ta sa hannu cewa ta shekara tara tana ɓata takardun asibiti, saboda tsoron bakina. Na riga na kori ɗaya daga garin don ta faɗi gaskiya, ba zan sa a kori ta biyu don ta bi umarnina ba. Na mayar mata da littafinta na ce a buɗe sabon kati.

Watan farko na ce mata ta karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ta durƙusa ta duba, ta ce ɗari da ashirin da huɗu. Matan da ke kan benci suka zuba ido suna jiran tashin hankali. Na ce mata Allah ya yi miki albarka, na sa takalmana na fita. Na rage tuwo, na rabu da suga a shayi, ina wanke ciwon kullum yadda aka ce. Duk da haka a wata na huɗu yatsan ya yi baƙi. Aka kai ni Kaduna aka cire shi tare da na kusa da shi. Nas ɗin ta biyo mota ta zo duba ni tana kuka tana neman gafara, na ce mata ta share hawayenta, ni ce ya kamata in nema.

A wata na bakwai kamfanin ya amince. Da likita ya sake jawo takardarsa zai yi zane, na ce ya ajiye bironsa, ya yi wanda ya ga ya dace. Na biyun ya yi. Yau suga ya kwanta, ƙwayoyina suna nan a kan tebur ina sha ba fashi, na koma hawa babur zuwa Randagi, ina tafiya da ɗan ɗingishi. Ita waccan baƙuwar nas na yi ta cigiyarta don in ba ta haƙuri, har yau ban samu wanda ya san inda take ba.

Abin da na koya shi ne, idan ka ga duk na kusa da kai abin da kake son ji kawai suke faɗa maka, kada ka yi saurin jin daɗi, ka tsaya ka tuna abin da ka yi wa na ƙarshe da ya faɗa maka gaskiya. Na yi shekara tara ana girmama ni, kuma sau biyar a rana, in na zo wanke ƙafar hagu a alwala, ina ganin abin da girman ya ci.