Fuskar da Malam Audi Ya Gyara

Malam Audi ya shekara ashirin da shida yana ɗaukar hoto a ofishin 'yan sanda. Aikinsa shi ne a tsayar masa da mutum jikin bango, a rataya masa allon lamba a ƙirji, ya ɗauke shi ta gaba, ya ɗauke shi ta gefe. A zamanin soja yawancin waɗanda ake kawo masa ba ɓarayi ba ne, ɗalibai ne da 'yan ƙwadago masu raba takardu. Daga baya tsufa da ciwon ƙoda suka kai shi Doha, gidan 'yarsa likita a unguwar Old Airport.

A nan Fiddausi ta same shi wata Juma'a bayan la'asar. Ɗaliba ce mai karatun digiri na uku a garin. Tana cikin mahaifiyarta aka kama mahaifinta Ɗayyabu, ya rasu a tsare, aka ce zazzaɓi ne. Ranar binciken gida kuma aka kwashe hotunansa kaf. Shekara talatin mahaifiyarta na cewa dukansa aka yi har ya mutu, dangi na cewa baƙin ciki ne ya taɓa mata kai.

"Baba, an ce kai ka ɗauke shi hoto. Ko sau ɗaya ina so in ga fuskarsa."

Ya jawo wata tsohuwar ambulan daga ƙasan akwati. Akwai fuskokin da ya kasa barinsu a ofis, ya wanko nasa ya ɓoye. Ya zaro hoton Ɗayyabu ya miƙa mata.

Ta daɗe tana kallo. Saurayi ne mai faɗin goshi, fata sumul, ido a tsaye.

"Ko ƙwarzane babu," ta ce a hankali. "Ashe dai zazzaɓin ne. Wayyo Umma, shekara talatin tana rigima da mutane a banza."

Malam Audi ya tuna tsumman da ya jiƙa ya share jinin, da hodar da ya shafa, da fitilar da ya karkatar don kumburin ya faɗa inuwa, da fensirin da ya bi fim ɗin da shi. Oga ba ya son tabo a fayil, shi kuwa ba a taɓa dawo masa da aiki ba. In ya yi shiru, yarinyar za ta tafi tana sa masa albarka.

"'Yata, miƙo nan."

Ya ɗora yatsa a kan girar hagu a hoton.

"Nan a fashe yake. Nan ma. Haƙora biyu babu, shi ya sa na ce ya rufe baki. Tsayuwar ma riƙe shi aka yi ta baya. Ni na gyara shi da hannuna."

Ba ta yi kuka ba. Ta fito da waya, ta danna lamba, ta ɗora masa a tafin hannu.

"Ga Umma. Maimaita mata."

Wayar ta yi ƙara sau uku, aka ɗauka.

"Salamu alaikum," in ji wata tsohuwar murya.

Malam Audi ya amsa, ya faɗi sunansa da aikinsa, ya fara daga girar hagu.