Igiyar Bariki

Jiya a Takur na ga ɗalibai suna wasan jan igiya, sai na tuna marigayi kakana, wanda ya yi aikin soja a zamanin Turawa. Ban riƙe sunan barikinsu ba, ba kuwa zan ƙirƙira ba.

Wata rana a Kiyawa, yana tufka igiyar shanu, kausasan tafukansa na murza jiƙaƙƙiyar kaba a cinyarsa, ya ba ni labarin yadda sojojin Ingila kan buga ƙwallo da yamma, su sha shayi, jefi-jefi kuma su kira 'yan ƙasa a ja igiya.

A lokacin ina neman labarin nasara da zan ƙawata aikina na kammala jami'a. Na ce, "Baba Tsoho, ai kun kayar da su, ko?"

Ya yi dariya. "Kai, ɗan boko! Su da takalma masu ƙusa, mu ƙafa ba komai? Har ƙasa suka ja mu. An ce wasu sun taɓa kayar da su, amma ban gani ba. Rubuta abin da na gani."

Haka na rubuta. Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya tsare alƙalamina kamar yadda Ya tsare harshensa.